Yadda ake warware tambayar gado a darasin Ahya': daga waken Mendel zuwa takardar gwajin aure

Duk shekara idan jarrabawar tahsili, ta neman shiga jami'a, ta matso, 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta a nan Makka sukan cika mini falo bayan la'asar, kowa da littafin Ahya', wato ilimin halittu, a hammata. Babin jijiyoyi da na haihuwa ba su cika ba su wahala ba, don yawanci hadda ce, yaron da ya taso da allo kuwa hadda ba ta razana shi. Inda ake cirko-cirko shi ne babin wirasa, wato gado. Ba gadon gida da gona ba, gadon da ke cikin jiki. Yaro zai karanto maka ma'anar "sa'id" da "mutanahhi" ba gargada, amma da ka ce masa uba AS ne, uwa ma AS, me za su haifa, sai ya hau kallon fanka.

Wannan babin aikin hannu ne kamar lissafi, ba a haddace shi. Ga hanyar da nake bi da su. A makaranta da Larabci ake koyarwa, a gida Hausa muke yi, don haka zan riƙa haɗa kalmar littafi da tamu.

Abin da ya kamata ya zauna kafin a ɗauki biro

A cibiyar ƙwayar halittar mutum akwai kuromosom 46, a jere biyu-biyu, tagwaye 23. A kowace tagwaye, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. Ƙwan mace da ƙwayar maniyyi su kaɗai ne ke ɗauke da rabi, wato 23, saboda rabuwar da littafi ke kira inƙisam munassif. Idan suka haɗu sai lissafin ya koma 46. A kan kuromosom ɗin ne ƙwayoyin gado suke, kuma tun da kuromosom biyu-biyu ne, kowace siffa mutum yana da kwafi biyu nata, amma ɗaya tak zai miƙa wa ɗansa. Wanda ya riƙe wannan jimlar ya gama rabin babin.

Gregor Mendel ne ya gano ƙa'idar kwafi biyun nan, wani malamin coci a garin Burno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Tsakanin 1856 da 1863 ya yi ta barbarar bazilla, koren waken nan, yana ƙirga abin da ya fito. Ya haɗa mai santsin ƙwaya da mai tamoji, zuriyar farko duk ta fito da santsi. Da ya bar wannan zuriyar ta yi barbara da kanta, sai ya ƙirga masu santsi 5,474, masu tamoji 1,850. Raba ka gani: kusan uku ga ɗaya. Tamojin ashe bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya wallafa aikin a 1866, ba wanda ya waiwaye shi sosai sai 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Siffar da ke danne 'yar'uwarta ita ce sa'ida, mai rinjaye. Wadda ke ɓuya sai ta samu irinta sannan ta fito ita ce mutanahhiya. Haruffan da mutum ke ɗauke da su, su ne tiraz jini, abin da 'yan gida Najeriya ke cewa jinotaif. Abin da ake gani a zahiri kuma tiraz shakli. A nan yaranmu ke yawan tuntuɓe: "jini" ɗin da ke cikin tiraz jini ba jinin Hausa ba ne, daga kalmar jin ya fito, wato ƙwayar gado. Tsawon kara da launin fure duk suna da tiraz jini, alhali ba su da ɗigon jini.

Mataki na ɗaya: mayar da labarin haruffa

Karanta tambayar sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin siffar da ake magana a kai, ka ba ta harafi. Babban harafi ga mai rinjaye, ƙarami ga mai ɓuya, kuma harafi ɗaya ake amfani da shi: T dogo, t gajere. Ka zaɓi harafin da babba da ƙaraminsa ba su kama da juna. Na sha ganin an faɗi tambaya mai sauƙi don yaro ya rubuta C da c, can ƙasa ya kasa gane wanne ne wanne.

Zan yi aiki da sikila, don kusan babu gidan Bahaushe da bai san wani mai ita ba. Ita al'adarta daban: A himoglobin lafiyayye (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jar ƙwayar jini), S na sikila.

Mataki na biyu: fitar da haruffan iyaye

Wani lokaci tambaya takan ba ka su kai tsaye. Sau da yawa kuwa ɓoye su ake yi a cikin kalma. "Naƙi" ko "mutamasil" na nufin haruffan biyu iri ɗaya ne, AA ko SS. "Hajin" ko "hamil lil marad" na nufin gauraye ne, AS. Idan kuma ba a faɗa ba, ka duba 'ya'ya. Iyaye biyu lafiyayyu da suka haifi mai SS, ba sai an gaya maka ba, dukansu AS ne, don yaron S biyu gare shi, kuma kowane ɗaya daga cikin iyayen harafi ɗaya kawai ya bayar. Wannan dabarar tafiya da baya-baya ita ce mabuɗin tambayoyi da dama.

Mataki na uku: raba haruffan kowane mahaifi

Uba AS, ƙwayoyin maniyyinsa iri biyu ne, rabi A, rabi S. Uwa AS, ƙwayayenta haka. Mai AA kuwa A kawai yake da shi, mai SS kuma S kawai. Kada ka taɓa rubuta AS a matsayin abin da mutum ɗaya ya bayar.

Mataki na huɗu: zana murabba'in Fanet

Sunan Reginald Punnett ya ci, wani masani Bature na Ingila. Zana akwati, ka raba shi gida huɗu. Haruffan uba a sama, ɗaya a kan kowane layi. Na uwa a gefe. Kowane gida sai ya ɗauki harafin da ke samansa da na gefensa. A auren AS da AS, gidan farko AA, na biyu AS, na uku AS, na huɗu SS. Ko da kana ganin ka iya a ka, zana. Daƙiƙa goma ce.

Mataki na biyar: karanta akwatin, ka amsa abin da aka tambaya

Nan ne gizo ke saƙa. Ta fuskar haruffa, rabon 1:2:1 ne. Ta fuskar zahiri kuwa 3:1, uku ba su da cutar, ɗaya na da ita. Tambaya za ta nemi ɗaya daga cikin biyun, kuma a zaɓuɓɓukan amsa za a ajiye maka ɗayan ya zama tarko.

Amma kuskuren da ya fi wannan girma, wanda ba ɗalibai kaɗai ke yinsa ba har iyayensu, shi ne ɗaukar gidajen nan huɗu a matsayin 'ya'ya huɗu. Wata gwaggona ta taɓa ce mini, "Ai ɗan nan, tun da na farin ya zo da ita, ukun da za su biyo baya sun kuɓuta." Ba haka ba ne, Gwaggo. Akwatin ba jerin haihuwa ba ne, hoton ciki ɗaya ne. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya haifar ba.

Ga yadda nake nuna wa yara. Samo kofi biyu, ɗaya uba, ɗaya uwa. A kowanne ka saka dabino biyu, sukkari ɗaya a matsayin A, ajwa ɗaya a matsayin S. Rufe ido, ka zaro ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ka rubuta abin da ya fito, sannan ka mayar da su. Mayarwar ita ce muhimmiya, don uba ba ya rasa S ɗinsa don ya ba wani ɗa. Yi haka sau 40, kana ja layi bayan kowane huɗu, kamar gidaje goma masu 'ya'ya hurhuɗu. Za ka ga wani gidan babu ajwa biyu ko sau ɗaya, wani gidan sau biyu, wani ma uku. Sai ka haɗa jimla sannan za ta kusanci kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa Mendel ya ƙirga dubbai.

Lissafin abin kuma ninkawa ne. Damar 'ya'ya biyu a jere su zo SS: 1/4 sau 1/4, wato 1/16. Damar a haifi namiji kuma mai SS: 1/2 sau 1/4, wato 1/8. Damar huɗu su zo babu mai SS ko ɗaya: 3/4 a ninka shi sau huɗu, 81/256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Ma'ana, a auren AS da AS mai 'ya'ya huɗu, samun aƙalla mai sikila ɗaya ya fi rashinsa yiwuwa da ninki biyu.

Akwai wata tambaya da ke kayar da har masu ƙoƙarin aji. Iyaye AS da AS, ɗansu ya girma ba shi da cutar, mece ce damar yana ɗauke da S? Kowa sai ya ce rabi. A'a. An riga an gaya maka ba SS ba ne, don haka ka soke wannan gidan. Saura uku, biyu a cikinsu AS. Amsa 2/3.

Sauran haɗe-haɗen ka zana su da kanka: AA da AS ba su haifar SS, rabi AA rabi AS. AS da SS rabi AS rabi SS. AA da SS duk 'ya'yan AS.

Me ya sa harafi ɗaya ke yin wannan ɓarna

Ƙwayar gadon da ke gina sarƙar bita ta himoglobin tana kan kuromosom na 11. A mai S, harafi guda ne ya canza a cikin DNA, GAG ya koma GTG, sai sinadarin balin ya zauna a gurbi na shida na sarƙar inda ya kamata sinadarin gulutamik ya zauna. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, irin wannan himoglobin sai ya manne wa juna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Sunan cutar na Larabci ma, minjaliyya, daga minjal ne, lauje ke nan. Lanƙwasasshiyar ƙwaya tana toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon ƙashin nan da ke hana barci, kuma tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, shi ne ƙarancin jinin.

Ɗalibi mai tunani zai ce, to me ya sa abu mai cutarwa haka bai ƙare ba? Anthony Allison ya nuna a 1954, daga bincikensa a gabashin Afirka, cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi tsira, sai S ya yaɗu tare da su. Shi ya sa a Najeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi, kuma a nan Saudiyya ya fi yawa a gabas, wajen Ƙaɗif da Ahsa, da kudu maso yamma, wajen Jazan, wuraren da suka yi fama da zazzaɓin a da. Idan aka nemi misalin intikhab tabi'i a cikin mutane, wato yadda siffar da ke taimaka wa tsira ke yaɗuwa, wannan ne. Wani littafin kuma yakan sa sikila a babin siyada mushtaraka, inda ba harafin da ke danne wani, don mai AS jikinsa na yin himoglobin iri biyun duka. Ka bi yadda tambayar ta ɗauke ta, akwatin dai ɗaya ne.

Idan haruffan sun wuce biyu

Mu mutanen yammacin Afirka muna da harafi na uku da ba a cika ambata ba, C. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri AS, zana ka gani: AA, AS, AC, SC. SC ɗin nan ma sikila ce, ko da yake sau da yawa ba ta kai SS tsanani ba. Haka S idan ya haɗu da ƙwayar gadon talasimiya ta bita, wata cutar ƙarancin jini ta gado.

Rukunin jini ma haruffa uku ne, A da B da O, kuma Karl Landsteiner ne ya gano shi a 1901. A da B duk suna rinjayar O, amma su biyun ba mai danne wani. Mai rukunin A zai iya zama AA ko AO. Uba AO da uwa BO za su iya haifar rukunai huɗun duka: AB, A, B, O. Uba AB da uwa O kuwa 'ya'yansu A ne ko B, ba wanda zai yi kama da iyayen. Ina jan kunnen yara a nan: wannan na takardar jarrabawa ne, ba a ɗaukarsa a je a tayar da fitina a gidan wani, don akwai nau'o'in jini da ba kasafai ake samu ba waɗanda ke saɓa wa ƙa'idar, ga kuma kuskuren ɗakin gwaji.

Kuma A na rukunin jini ba shi ne A na AA ba. Na farkon yana kan kuromosom na 9, wancan na 11, babu ruwan wani da wani. Mutum zai iya zama O kuma SS. Duk wanda ka tambaya jinotaif ɗinsa ya ce maka "O fozitif", bai amsa ba.

Gadon da ke bin X, da maganar ful

Tagwaye na 23 ne ke raba jinsi: mace XX, namiji XY. Uwa X kawai take da shi, uba ne ke ba da X ko Y. Zana akwatin, rabi mata rabi maza. Masu ɗora wa mace laifin haihuwar 'ya'ya mata, har a yi mata kishiya a kan haka, da sun zauna ajin nan da sun ji kunya.

Wasu siffofin a kan X suke, Y ba shi da kwafinsu. Littafi kan kawo makantar launi da himofiliya, ni kuwa na fi son misalin da ke kan teburin karin kumallonmu. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda a nan ake ce wa animiyal ful, a kan X yake. Wasu masu shi idan suka ci ful, cikin kwana ɗaya ko biyu jajayen ƙwayoyin jininsu sai su hau fashewa: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki ya mutu. Ful ɗin nan, waken da ake ci da gurasar tamis, nake nufi, ba ful sudani ba, wannan gyaɗa ce. Ƙwallayen naftalin da ake sawa a akwatin kaya, da wasu magunguna irin su firimakwin, har da lalle a jikin jariri, duk suna iya tayar da shi. Tsananinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, amma wanda ya ga alamun nan asibiti zai nufa.

A nan ba a rubuta harafi shi kaɗai, sai a ɗora shi a kan X, Y kuma a bar shi tsirara. Mu kira mai lafiya X, mai matsala X da ɗigo. Uwa mai ɗauke da ɗigo ɗaya, uba lafiyayye: 'ya'ya mata rabi lafiyayyu, rabi masu ɗauka. 'Ya'ya maza rabi lafiyayyu, rabi masu matsalar, don namiji ba shi da X na biyu da zai rufa masa asiri. Lura da lafazin tambaya. "Daga cikin 'ya'ya maza" amsa 1/2. "Daga cikin 'ya'ya" amsa 1/4. Uba mai matsalar ba zai ba ɗansa namiji ba, don Y ya ba shi, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Shi ya sa ake ganin abin yana tsallakawa daga kaka na wajen uwa zuwa jika, ko a ce yaro ya yo kawunsa.

Bishiyar dangi da siffofi biyu

A makhaɗɗaɗus sulala, wato zanen bishiyar dangi, murabba'i namiji ne, da'ira mace, wanda aka cike da baƙi shi ne mai siffar. Fara da neman iyaye biyu farare masu ɗa baƙi: siffar mai ɓuya ce. Iyaye biyu baƙaƙe masu ɗa fari: mai rinjaye ce. Idan kusan duk maza ne kuma ta wajen uwa take zuwa, yi zargin X. Layi biyu tsakanin miji da mata auren zumunci ne. Shi auren zumunci ba ya ƙirƙirar cuta, abin da yake yi shi ne ƙara damar ɓoyayyun haruffa biyu su haɗu, don 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Ga sikila kuwa, da yawan da S ke da shi a cikinmu, auren bare ma ba kariya ba ne.

Tambayar siffofi biyu a tare tana da gida 16 da rabon 9:3:3:1. Mendel ya ƙirga 315, 108, 101 da 32. A ɗakin jarrabawa kada ka ɓata lokaci kan gida 16. Yi ƙananan akwati biyu, ka ninka. Iyaye duk AS ne, uba AO uwa BO, damar ɗa SS mai rukunin O: 1/4 sau 1/4, 1/16.

Daga littafi zuwa takardar asibiti

Tun 2004 Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya kafin ɗaurin aure, a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Sakamakon ba ya haramta aure, ana dai zaunar da masu niyyar a yi musu bayani. Ko dokar ta hau kan mutum ko ba ta hau ba, shawarata a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an buga kati an kama ɗakin biki ba, lokacin da ba mai iya cewa a fasa.

A nemi gwajin da ke rarrabe nau'o'in himoglobin, irin elektroforesis. Ƙaramin gwajin nan na gaggawa S kawai yake nunawa, ba ya bambanta AS da SS, kuma C yakan wuce shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce ya faɗa wa likita, don jinin wani da ke jikinsa zai iya rikita sakamakon. Matar da rukunin jininta ke da alamar negatif, mijinta fozitif, ta sanar tun awon farko, akwai allurar anti-D da ake yi wajen mako na 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa.

Ga tambayar da na ba yara makon jiya. Mutum AC ne, rukunin jininsa AB. Matarsa rukunin O, ba ta da sikila amma mahaifiyarta SS ce. Mece ce damar su haifi 'ya mace, SC, mai rukunin B? Matar dole AS ce in har ba ta da cutar, don mahaifiyarta S kawai take da shi. SC ɗaya cikin huɗu, rukunin B rabi, mace rabi. 1/4 sau 1/2 sau 1/2, amsa 1/16. A cikin su bakwai, biyu ne suka samu, sauran duk wajen fitar da haruffan matar suka maƙale.